Hannun Delbert a Haƙarƙarin Sa

Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, matarka Verlene ta bugo min waya cewa ka cika, Delbert Kocurek. Ina garke a lokacin. Na ajiye bokiti na zauna a ƙasa.

Tun ina da baƙin gashi kake alƙalancin gasar shanun yanka da yaranmu ke kiwatawa a nan kudancin Texas. Ba ka taɓa yanke hukunci daga nesa ba. Sai ka ɗora tafi a haƙarƙari, ka bi gadon baya, ka ji nama ka ji kitse. Kuma yaron da ya zo na ƙarshe kake fara yi wa bayani.

Mutane sun manta abin da ya sa aka daina gayyatarka, ni ban manta ba. Shekarar da iyaye suka koyi tayar da gashin shanu da gam, su fesa fenti, su busar har ya yi fam kamar katifa, ka ce a kawo tiyo. Aka jiƙa shanun duka. Wanda kowa ke wa tafi ya koma kamar kyanwar da ta faɗa rijiya. Uban yarinyar da ta kiwata shi ya taso yana ihu. Ka ce masa, "Ranka ya daɗe, gashin za ku gasa ranar Lahadi?"

Na ce maka, "Ɗan banza, ka kori kanka." Ka ce, "To tsoho mai bakin tsiya, kai ka zo ka karɓe ni."

Yanzu ga damuwata. Jikata Noemi za ta shiga gasa watan gobe da wani sa da ta yi wa hidima tun yana ɗan maraƙi. Sabon alƙalin ba ya son ɓata hannun rigarsa. Ta tambaye ni, "Kaka, kowa fa yana sa gam. In na ƙi, na faɗi. In sa?" Na ce ta bari in tambaye ka. Ban samu zuwa ba.

Ita ke rubuta min wannan, don ni ban yi makaranta ba. To Noemi, rubuta: ba za mu sa ba. Wataƙila ki zo ta ƙarshe, kuma babu mai zuwa ya fara yi miki bayani. Share hawayen ki ci gaba.

Allah ya jiƙanka, Delbert, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa. Verlene, ke da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi.

Eusebio Treviño