Neman Allon da Ba Ya Jan Inuwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Karshi, ni da ƙanwata, tana rungume da kwamfutarta. Ranar Asabar za ta shiga gasar tseren mota ta gem, wato wasan kwamfuta, inda za a zaɓi masu wakiltar jami'arsu, ga allon kwamfutarta na gida yana jan inuwa. In motar gem ta sha kwana, inuwarta na nan baya, har ba ta gane gefen titi. Ni na yi alkawarin sabo, bakina ne ya ja mini.

A cunkoson Nyanya, muna cin ƙosai mai sanyi, ta yi mini karatu. Wai kowane ɗigon haske a allo yana ɗaukar lokaci kafin ya sauya launi, in ya yi nawa sai tsohon hoto ya hau kan sabo. Lambar saurin da ake rubutawa a kwalin allo kuwa ba abin yarda ba ce, sai ido ya gani. Na ce na ji.

A Garki kowane kwali milisakan ɗaya aka rubuta masa, wai saurin sauya launinsa ke nan, babba da ƙarami. Masu shago sai su kunna mana hoton furanni. Furen da ba ya motsi, ina zai nuna inuwa? Da ta nemi a jona kwamfutarta, wani ya ce, "Hajiya, ba a yage kwali sai an saya." Shago huɗu, amsa ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Aka yi mana kwatancen wani Bakatsine mai shago a Dutse Alhaji. Da azahar muka isa, ƙafa duk ta yi tsami. Bawan Allah ya shimfiɗa mana darduma, ya sa aka dama fura, hira ta kai mu har unguwarmu ta can gida, ashe ya san mahaifinmu. Ya ɗauko kwali ya ce, "Ɗan gida, wannan ko ɗana zan ba."

Ƙanwata ta raɗa mini, "Yaya, a gwada."

Na harare ta. Mutumin da ya san babanka, ka sha furarsa, ka ce sai ka gwada kayansa? Kunya ta hana ni. Na biya, na saɓa kwali muka fito.

Bayan la'asar muka iso gida, ta jona. Baƙar inuwa ta tafi, fara ta maye gurbinta, tana walƙiya a gefen kowace mota. Ta ce an ƙure saitin saurin ne don lambar kwali ta fito. Ta mayar da shi tsakiya, sai ga tsohuwar inuwarmu ta dawo lafiya lau.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Yaya, minti biyu fa na roƙa."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne allon gem da hoto mai gudu ake gwada shi, ko na wa ye. Gobe Juma'a, jibi gasa. Kwalin na bakin ƙofa, kuma ni zan mayar wa mutumin da na sha furarsa.