Ruwan da Almas Ya Sha

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Doka, inda gonakin dawa suke miƙewa har ido ya gaji da kallo. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da damina ta riƙe ƙafa ta ƙi saki, da rani kuma ta tsattsage har ɗan akuya ya iya karyewa a ciki. Ƙarƙashin lakar baƙin dutse ne. Kakanninmu da suka zo daga yamma da shanunsu sun gwada haƙa rijiya, iyayenmu ma sun gwada, amma kowa ya ɗan nutsa sai ya ci karo da dutsen nan, ya ajiye diga ya fito. Shi ya sa ruwanmu na hafiri ne, wato babban tafkin da aka haƙa a bayan gari don tare ruwan sama. Abin da damina ta zuba a ciki, shi za mu sha mu da dabbobinmu har wata daminar.

Shekarar da aka kawo injin haƙa, an kawo shi ne a makare, cikin tsakiyar bazara, hafiri ya riga ya janye ya bar ɗan ruwa a tsakiya. Gidanmu ne mafi kusa da inda suka kafa injin, don haka ni aka ɗora wa dafa wa ma'aikatan abinci. Kullum da hantsi nakan kai musu kisra, wato siririyar wainar dawa, da miya, in zauna in haɗa musu shayi a gindin wata bagaruwa.

Shugabarsu mace ce, abin da ya ba mutane mamaki. Budurwa ce siririya daga cikin garin Gadarif, 'yar mutanenmu, Hausarta rabi Larabci. Kowa yana ce mata Muhandisa, wato injiniya. Ni kuma tana ce mini Goggo. Mai sarrafa injin wani dattijo ne mara yawan magana, wanda kullum hannunsa ɗaya yana kan ƙarfen injin kamar mai jin zazzaɓin yaro.

Rana ta farko na ga ta buɗe wani akwati ta ciro wani abu kamar gwangwanin madara mara gindi, bakinsa da kaushi. Yadda ta riƙe shi da hannu biyu ya sa na tambaye ta ko mene ne.

"Wannan shi zai ci dutsen, Goggo. Almas ne a bakinsa."

Na yi dariya. Almas da na sani shi ne lu'ulu'un da na taɓa hangowa a shagon masu zinariya a kasuwar Gadarif, yana walƙiya a bayan gilashi. Wannan kuwa kamar an barbaɗa yashi a kan ƙarfe. Sai ta ba ni wani ɗan madubin ƙara girma ta ce in duba. Na duba. Kowace ƙwaya tana da fuskoki sumul da kusurwoyi masu kaifi, launinta ruwan zuma, kuma duk siffarsu kusan ɗaya, kamar hannu ɗaya ya sassaƙa su.

"Ba wanda ya sassaƙa su," in ji ta. "Haka suke fitowa, don haka cikinsu yake a jere."

Ta nuna gawayin da ke cikin murhuna ta ce shi da almas abu ɗaya ne, zaman 'ya'yansu ne kawai ya bambanta. Da ta ga ban gane ba, sai ta ɗebo jiƙaƙƙiyar laka ta mulmula ƙananan dunƙule, ta karyo ƙayoyin bagaruwa. Ta soka ƙaya huɗu a dunƙule ɗaya, uku sun yi ƙasa kamar duwatsun murhu, ɗaya ta yi sama, ta sa dunƙule a bakin kowace. Ta ce a cikin almas kowane ɗa yana riƙe da huɗu, su ma kowannensu yana riƙe da huɗu, ta kowace fuska, ba inda aka bar sako-sako. Shi ya sa ba dutsen da zai karce shi, shi ne yake karce kowa.

"To ai ba abin da zai same shi ke nan," na ce.

"Akwai. Tauri daban, juriya daban. In aka buga shi da guduma ta inda jerin ya daidaita, sai ya tsage kamar icen da aka bi tsaginsa. Kuma in ya yi zafi babu ruwa, ƙonewa yake, tunda asalinsa gawayi ne. Yana jan zafi da sauri fiye da ƙarfe, dole ruwa ya riƙa kwashewa. In ruwa ya yanke yana cikin juyawa, kafin ki gama kurɓar shayi ya lalace."

Wannan maganar ta ƙarshe ban ɗauke ta da nauyi ba a lokacin, domin suna da tankarsu da ke kawo musu ruwa daga Doka. Sun haƙa rami a gefe, injin yana zuƙar ruwa daga ciki ya tura ƙasa ta cikin bututu, ruwan ya zagayo ya fito baƙi ƙirin da garin dutse, ya koma ramin. Lokaci lokaci su ciro dutsen da suka yanko, dogo mulmulalle kamar guntun taɓarya, su jera a akwati. Kullum baƙi ne. Muhandisa ta ce a ƙarƙashin baƙin akwai dutsen yashi mai riƙe ruwa, shi suke nema.

Wata safiya ina cikin hura wuta sai na ji ƙarar injin ta canza, ta koma wani siririn kuka mai shiga haƙori. Dattijon ya yi tsalle ya ja wani ƙarfe, komai ya tsaya. Na waiga na ga ramin ruwan ya kusa ƙafewa, kuma ba abin da yake dawowa daga ƙasa. Sun faɗa cikin wani tsagi a dutsen, tsagin ya shanye ruwan gaba ɗaya.

Sun daɗe suna ciro bututun ɗaya bayan ɗaya. Da bakin ya fito, Muhandisa ta juya shi a hannu. Kaushin nan ya tafi. Ya yi sumul, ya yi shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunyar da aka manta a wuta. Saura guda ɗaya rak a akwatin.

Kafin azahar wani labarin ya iso: tankar ta lalace a hanya, kuma sai an nemo kayan gyaranta daga nesa. A gabas kuwa, ta wajen Habasha, gajimare ya fara taruwa da yamma. Kowa ya san abin da hakan yake nufi. In ruwan sama ya sauka, motar injin ba za ta fita daga lakarmu ba sai bayan kaka, don haka masu injin sun ce ko an samu ruwa ko ba a samu ba, a tattara a fito kafin damina. In sun tafi kuwa, ba wanda ya san ranar dawowarsu.

Bayan la'asar shehun ƙauye ya tara mutane a ƙofar masallaci. Maza a gaba, mu mata muna tsaye daga baya. Muhandisa ta faɗi buƙatarta a fili: tana son ruwan hafiri.

Wurin ya ɓarke da hayaniya. Maigidana yana cikin waɗanda suka miƙe. Mutum ne mai sanyin hali, amma ranar ya fuskanci shehu ya ce:

"Baba, ruwan da ya rage ko mu kaɗai bai ishe mu ba. Gajimaren nan ya sha taruwa ya watse. Mu ɗauki abin da yaranmu za su sha mu zuba a rami don ƙarfe ya sha sanyi?"

Ba wanda ya iya ce masa ƙarya yake. Ni kaina na san gaskiya ya faɗa. Amma ni ce nake zuwa hafirin, ni ce nake tace ruwan da mayafina in ga abin da ke maƙalewa, ni ce na yi jinyar autarmu da gudawa bazarar da ta wuce. Ban san lokacin da na ɗaga murya daga baya ba.

"'Yata, ki faɗa mana tsakaninki da Allah. Akwai ruwa a ƙasan nan?"

Ta juyo ta dube ni. Na so ta ce e, ko da ba ta tabbata ba.

"Wallahi Goggo ban sani ba. Ina kyautata zato mun kusa fita daga baƙin dutsen. Amma ban gani da idona ba, ba zan rantse ba."

Wasu suka ce shi ke nan, magana ta ƙare. Shehu ya daɗe yana jan carbi. Daga ƙarshe ya ce ba zai taɓa rabon kowa ba. Za a ci gaba da raba ruwan hafiri gida gida kamar kullum, wanda ya ga zai iya ba injin daga rabonsa ya bayar, wanda bai iya ba babu laifi a kansa.

A gida maigida bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Kin kunyata ni a gaban mutane." Washegari da sassafe ya ɗaura wa jaki karo, wato amalanke, ya jera jarkoki, ya kama hanyar wani ƙauye mai nisa inda ake da famfo. Ni kuma na raba ruwan gidan biyu, na ɗauki rabi a ka na nufi injin.

Na tarar da mata sun riga ni. Ba duka ba, amma da yawa. Muhandisa ta ce kafin a zuba ruwa mai yawa sai an toshe tsagin, in ba haka ba duk abin da muka kawo zai bi na jiya. Ta sa muka kwaɓa laka da ƙaiƙayin dawa da kashin shanu, ya yi kauri kamar kunu, aka tura shi ƙasa. Aka jira. Aka sake turawa. Dattijon ya ɗaura bakin almas na ƙarshe da hannunsa, ya yi bisimilla, ya sauke shi a hankali kada ya bugi gindin ramin ya tsage.

Da aka tada injin, dukkanmu muka zuba ido a bakin bututun. Ruwanmu yana raguwa a ramin, ba abin da ke fitowa. Wata mata kusa da ni ta fara salati. Dattijon ya ɗora hannu a kan ƙarfen tsayarwa. Sai ga shi ya ɓullo, da farko kumfa, sannan laka, sannan ruwa baƙi yana gangarowa. Ba duka yake dawowa ba, tsagin yana ci gaba da satar wani abu, amma ya isa a yi aiki.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Rana tana dukan tsakiyar kai, muna jere daga hafiri zuwa injin da jarkoki. Ba wanka, ba wanki, alwala sai taimama. Hafirin ya koma taɓo, muna kwasa da ƙoƙo. Idan ramin ya yi ƙasa sai dattijon ya tsayar da injin, mu tsaya muna haki, a jira jarka ta gaba. Kowane guntun da aka ciro, mu leƙa: baƙi. Wasu matan suka daina zuwa, mazansu sun hana, ban ga laifinsu ba. Autata takan riƙe zanina ta ce tana jin ƙishi, in ba ta kurɓi biyu in rufe tulun. Da yamma gajimare ya taru a gabas har mu ji ƙamshin ƙasa, gabana ya faɗi don injin, ya sake faɗuwa don mu, ban ma san wanne zan roƙa ba.

Ranar da abin ya canza, kunnen dattijon ne ya fara ji. Ya ɗaga kai ya kira Muhandisa. Bututun da yake nutsewa da ƙyar ya fara tafiya da sauri. Ruwan da ke dawowa ya tashi daga baƙi ya koma ja-ja. Da aka ciro dutsen, rabinsa baƙi ne, rabinsa launin garin alkama. Ta murza shi da yatsa, yashi ya zubo. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta rufe fuska da mayafinta.

Ruwa bai yi tsiri sama ba kamar yadda yara suka zata. Sun ƙara nutsawa, suka sa bututun da zai zauna, aka bari ya kwanta. Washegari aka zura kwalba da igiya, ta fito cike. Aka miƙa wa shehu ya kurɓa, ya yamutsa fuska kaɗan ya ce, "Alhamdulillahi. Da ɗan gishiri."

Suka rufe bakin ramin da ƙarfe, suka tattara suka tafi, domin famfon da za a ɗora sai bayan damina. Damina kuwa ta ƙi zuwa da wuri. Gajimaren ya watse kamar yadda maigida ya faɗa. Muka zauna da ruwa a ƙarƙashin ƙafarmu ba halin ɗebowa sai da kwalba, hafiri kuma ya bushe sarai. Awaki sun mutu a gidaje da dama, namu biyu suna ciki. Karon maigida da na wasu maza ne ya riƙe ƙauyen, kullum suna hanya, har jakinmu ya yi gyambo a baya. Wata maƙwabciyata da ta rasa akuyar da take tatsa ta daina amsa gaisuwata, sai da aka yi sallar layya muka shirya.

Bayan an yanke riɗi aka zo aka ɗora famfon. Ni da maigida ba mu taɓa zama mun yi maganar wanda ya yi daidai ba, har yau. Ranar da na fara dafa shayi da ruwan famfon, na kai masa a inuwar zaure, na tsaya. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya dubi kofin.

"Yaya?" na ce.

"Ƙaro sukari," in ji shi, ya miƙo mini kofin.