Shekarar da Muka Fita da Jikin Kristi Kan Titi

Aikin ungozoma ne ya kai ni Gumel, kuma da Inna na tafi, don tun rasuwar Baba ba ta da mai kula da ita sai ni. Mu Hausawa ne 'yan Katolika, abin da yakan ba mutanen gari mamaki. Cocin da muka tarar ƙarami ne, ginin bulo da rufin kwano a bayan gari. Masu zuwa ba su da yawa: malaman makaranta, ma'aikatan kan iyaka, masu shagon magani, sai manoma ƙalilan, Hausawa irinmu.

Bayan an gama girbi muke Idin Kristi Sarki. A ranar ne Fada, wato limamin cocinmu, yakan sa farar gurasar da muka gaskata Jikin Kristi ce a cikin ma'aji mai kama da rana, ya ɗaga ta, jama'a su bi shi da waƙa. Amma mu a cikin katanga muke yin namu. Mu kewaya coci, mu sake kewayawa, na gaba yana taka diddigen na baya. Kowace shekara sai Inna ta yi tsaki a hanyar gida.

"Wannan ai ɓoye Sarki ne," in ji ta. "A ƙauyenmu har bakin rafi muke kai shi."

Da aka kawo mana sabon Fada, ya ce bana waje za a fita. Wani mai shago ya miƙe ya ce lafiya lau muke zaune da maƙwabta, kada a ja abin da zai ɓata. Ba wanda ya ga laifinsa, har da ni. Daga ƙarshe aka tsayar cewa katekis, wato dattijon da ke koya mana addini, ya je wurin mai unguwa. Aka ce in raka shi, tunda a hannuna aka haifi jikokin mai unguwar.

Mun same shi a zaure da hantsi. Bayan gaisuwa katekis ya faɗi abin da ya kawo mu. Mai unguwa ya juyo gare ni.

"'Yata, me za ku ɗauko?"

"Ranka ya daɗe, abin da ya fi komai daraja a wurinmu. Za mu yi waƙa, mu durƙusa, mu roƙa wa gari albarka, mu koma."

Ya shafa gemu.

"Ba na abin da kuke yi," ya ce, "amma hanya ta kowa ce. Ku gama kafin kiran azahar. Kuma ku biyo ta ƙofar gidana, yadda duk mai magana zai zo ya yi da ni."

Labari ya kai wa 'yan'uwa na nesa. Ran Lahadi tun da safe sai ga su: na Maigatari a bayan akori-kura, na Gagarawa a kan babura, wata tsohuwa daga wajen Sule Tankarkar da tulun kiɗanta a goye kamar jariri. Ban taɓa sanin muna da yawa haka ba. A al'ada 'yan mata kan watsa furanni a gaban Fada, to ina furanni a Gumel bayan damina? Matan Maigatari suka sauke buhun jan zoɓo, sabon tsinka, muka cika faifai da shi.

Inna kuwa ƙafafunta sun kumbura a lokacin. Na yi mata maganar Keke Napep, ta harare ni.

"Sarki yana tafe a gaba, ni ina zaune a baya? Miƙo min sandata."

Bayan Misa, wato babbar addu'armu ta Lahadi, aka buɗe ƙofar katanga. Mai ɗauke da gicciye ya fara fita, sai 'yan mata cikin fararen kaya, sai hayaƙin turare, sai Fada a ƙarƙashin rumfar yadi da maza huɗu suka riƙe. Da farko waƙarmu a maƙogwaro take, kowa yana satar kallon bakin hanya. Tsohuwar nan ce ta buga tulunta da ƙarfi, ta ɗaga murya. Muka amsa. Daga nan ban ƙara jin tsoro ba.

Mutane suka fito ƙofar gidajensu. Wasu suka juya suka shige, yawanci dai suka tsaya kallo. A mararraba wata babbar mota ta taho daga kan iyaka cike da shanu, tana ta oda. Da direban ya gane abin da ake, sai ya kashe inji, ya kwantar da hannu a kan taga har muka wuce. A ƙofar mai unguwa mun tarar an share wuri, an yayyafa ruwa, an ajiye randa da moɗa. Yana zaune a kujerarsa. Fada ba ya iya gaisuwa saboda abin da ke hannunsa, mai unguwa ma bai nema ba, ya dai ɗaga mana hannu.

A filin da ke gaba muka durƙusa a kan yashi. Ƙararrawa ta kaɗa, Fada ya ɗaga ma'ajin, rana ta haske shi, ya sa wa gari albarka gabas da yamma. Inna ta durƙusa da taimakona, gumi da hawaye sun haɗe a fuskarta, tana ta faɗin, "Ga ka a fili, Ubangijina, ga ka a fili." Da ƙafarta ta koma. Muna shiga katanga mata suka rangaɗa guɗa, maza manya suna rawa da rigunan ado, ba a jima ba ladan ya kira salla.

Washegari ina duba masu awon ciki, wata matar aure ta riƙe min hannu.

"Anti, jiya na hange ku ta kan katanga. Waƙar nan ta hana ni sakat, har ina daka ina yin ta."

Ta rera min kaɗan a hankali. Kalmomin duk ta sauya su, amma muryar daidai take. Muka yi dariya har na layi suka fara leƙowa, sannan na ce ta hau gado in auna ta.