Na Bi Jikata Sabon Gari Ganin Masu Aikin Kyauta

Mun baro gida a Fagge bayan asuba, jikata rungume da kwamfutarta, ni da sandata da zargina. Ubanta ya ce in na dawo na ce a'a, ta bar aikin nan ke nan. Aikin kuwa, wai wani harsashi ne da ake ɗora shafukan intanet a kai, ita tana gyara masa kurakurai, tana mayar da bayaninsa Hausa. Wa ke biyanki? Babu. Na waye? Na kowa. Ni da na tsufa ina haɗa humra da turaren wuta, na san duk abin da aka ce na kowa ne, akwai mai ci a ɓoye.

Mai adaidaita ya yanka kuɗi kamar Maiduguri zai kai mu. Na ce ɗan nan, Sabon Garin da nake zuwa a ƙafa da goyo? Ya rage. Wajen Singa manyan motoci sun tare hanya ana sauke buhunan shinkafa, muka tsaya har na ƙare lazimina.

Wurin taron saman bene ne, bayan wani shagon kayan mota. Matakalar ta ci gwiwata. Na zaci zan tarar da mai babbar riga yana lissafin riba, sai na ga samari da 'yan mata, Yarabawa, Ibo, da namu, kowa ya sunkuya. Aka ba ni kujera da shayi da ƙosai wanda ya huce. Ban kurɓa ba sai da na ga wani ya sha nasa.

Aka haska aikin jikata a bango, kowa na gani, har wani ya nuna inda ta yi kuskure, a bainar jama'a. Ita ko ta yi godiya ta gyara. Na yafito shugabarsu, wata Bayarabiya mai Hausa kamar a Fagge aka yanke mata cibi.

"'Yata, kun baje sirrin sana'a haka, in wani ya kwashe fa?"

"Ya kwashe, Hajiya. In ya inganta, mu ma mu kwaso. Wanda ya fara abin ya daɗe da barinsa, ga shi bai mutu ba." Sai ta shinshina mayafina. "Wannan humrar fa, me ake sa mata?"

Na ce, "Au, ta nan kuka ɓullo?" Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Amma a hanyar dawowa maganarta ta tsaya min a rai. Gwaggona tana da wata humra da ba a kai amarya sai da ita. Ba ta taɓa faɗa wa kowa haɗin ba, ko ni da nake mata daka. Ranar da aka binne ta aka binne shi. Har yau ina lalube, ban kamo ƙamshin ba.

Uban yana zaure yana jira. Na ce ta ci gaba, amma ranar da aka fara zancen kawo kuɗi a sanar da ni. Ban yarda babu mai ci ba, ban dai gan shi ba.

Abin da tafiyar ta koya min shi ne kabari ya fi ɓarawo kwashe sana'a. Da la'asar na kira yarinyar ɗaka, na tura ƙyaure, na jera mata kayan ƙamshin, farce da sandal da gajiji da miski, na faɗa mata haɗina kaf. Na ce amma ta kuskura ta haska shi a bango, ni da ita ne.