Ushahemba, Bakin Majigi

Ushahemba Tyav ya bar aikin fassarar majigi a Lafiya ranar kasuwar da ta wuce, bayan shekara tara. Ba a yi masa taro ba. Ni na tsare ƙofar shingen da ake nuna majigin tun ranar farko, don haka zan faɗi abin da na gani. Ban saba yabon mutum ba.

Kullum da hantsi yakan taho daga Akurba a ƙafa, ya wanke farin ƙyallen da ake haska hoto a kai, ya shanya. Sai ya shiga shagon maigidansa Ɗanliti, mai injin, ya toshe taga da buhu, ya kalli abin da za a nuna sau biyu ko uku. Daga ƙasashen waje ake kawo majigin, kuma ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshensu. Fuska yake karantawa, da hannu, da yadda mutum yake tsayawa a bakin ƙofa. Bayan magariba ya tsaya gefen ƙyalle da lasifika, ya ba jama'a labarin da Hausa, ya ɗan juya da yaren Tibi saboda manoman da suka shigo kasuwa.

Wata rana da muka kai majigi Agyaragu, inji ya mutu ana tsakiyar kallo. Ya ci gaba da labarin ba hoto har aka gyara. Ina ƙofa. Babu wanda ya fita.

Bara da kaka aka kawo majigin da ya raba shi da aikinsa. Wata mata ce ta mutu ta bar jinjiri. Bayan an binne ta, sai ta riƙa dawowa ɗakin, ta sunkuya a kan yaron ta ɗora masa hannu, yaron kuma kullum sai ramewa yake. Ɗanliti ya kalla sau ɗaya ya ce mayya ce, ta zo cinye ɗanta.

Ushahemba bai gamsu ba, hannun nan ya tsaya masa a rai. Ya je ya kira Doofan, tsohuwar ungozomar unguwarsu, ya zaunar da ita a shagon da rana tsaka.

"Mama, ki duba mini hannun nan. Me take nema a kansa?"

Doofan ta kalla, ta yi tsaki. "Kai da ka raini 'ya da hannunka ba ka san wannan ba? Maɗiga take taɓawa, sannan ta juya bayan hannu a goshi. Zazzaɓi take dubawa. Mai cin mutum ba ta duba zazzaɓi."

"To me ya sa yake ramewa?"

"Hannun kabari ne, ɗana. Sanyinsa ba na masu rai ba ne. Ita dai ba ta yarda ta mutu ba."

Matar Ushahemba, Iveren, wajen haihuwa ta rasu. 'Yar da ta bari, Ngunan, shi ya raine ta da kunu da cokali, yanzu ita ma tana da goyo.

Ran da aka nuna majigin, mun zaci zai yi ihu kamar yadda yake yi in ana dambe a ƙyalle. Bai yi ba. Da ƙofar ɗakin ta buɗe da kanta, sai ya yi shiru, ƙarar inji kaɗai ake ji. Can ya ce, "Ta zo." Da matar ta sunkuya, ya ce, "Yana jin sanyin hannunta, amma ya san ƙamshinta. Ku duba, ya daina kuka." Ko sau ɗaya bai kira ta fatalwa ba. Uwar yaro yake cewa.

Na yi yaƙi a Bama, na ga abin tsoro. Ranar nan gashin jikina ya tashi. Ba haƙori, ba jini. Abin da ya kama mu shi ne kana so ta kai ga yaron, kana kuma roƙon Allah kada ta kai. In ta ɗauke shi ya mutu, in ta bar shi wa zai so shi kamarta? Fatsuma mai ƙosai ta fito tana goge ido da bakin zani, ta ce mini, "Baba, da ni ce, wallahi da na dawo." Matan da ba su taɓa leƙa majigi ba sun zo washegari da goyonsu.

Kai ne ka gane haka, Ushahemba, ba masu ilimi ba. Kai ne ka san dodo ba ya bin mutum gida, amma uwa tana bin sa. Bakin majigi, mai jin maganar hannu.

Ɗanliti bai ji daɗi ba. Samari su ne masu dawowa kallo sau uku, kuma samari ba sa son abin da zai sa su hawaye a gaban 'yan mata. Sun daina zuwa. Ya yi haƙuri har aka sake kawo majigin bana, sannan ya ce a canja labari.

Na gode maka, Ushahemba, a madadin duk wanda ya zauna a tabarma ya saurare ka. Yanzu kana noman doya, ba ka roƙi kowa ba. Masu tasowa a wannan aiki, ku duba abin da ke gabanku da kyau kafin ku buɗe baki. In ba ku gane ba, ku tambayi tsohuwa.

Ga yadda suka rabu da Ɗanliti. Ina tsaye da la'asar ana ɗaura ƙyalle, mata sun fara shimfiɗa tabarmi. Ngunan tana layin gaba da ɗanta a baya.

Ɗanliti ya ce, "Yau ka ce mayya ce. Ka yi ihu, ka ce jini take sha. Wa ya san abin da suke faɗa? Kai ma ba ka sani ba."

"Na san hannun, Maigida."

"Hannu zai ciyar da kai? Akwai wani a Assakio, murya gare shi kamar jaki, gobe zai fara in ka ƙi. Kalma ɗaya ce fa."

Ushahemba ya dubi wajen matan. Ya naɗe igiyar lasifika a hankali, ya miƙa masa.

"Ka kira na Assakio. Ni ba zan ce mata mayya ba."