Ranar da Na Ji Ƙamshin Gasuwar Kaina

Ko Allah Ya ja kwanana har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da aka kai ni GRA aka kwantar da ni a gadon jan haske. An ɗan kwana biyu da yin abin, amma har yau idan na tuna sai dariya ta taso mini, kunya na biye da ita a baya.

Ni ɗan Gwallaga ne, hatsi nake sayarwa a kasuwar Muda Lawal tun ina saurayi. Wanda ya san sana'ar ya san buhu ba ya tausayin kowa. Akwai 'yan dako, amma ni mutum ne mai gajen haƙuri, kafin su iso na riga na sa kafaɗa. Da na haura hamsin sai bayana ya ce ya gaji. Ruku'u ya zama aiki, in na yi sujada kuwa sai na dafa bango kafin na miƙe. Na sha jiƙo, na sha ƙwayoyin asibiti, an yi mini ƙaho, ciwo yana nan daram. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tunanin ranar da zan kasa fita kasuwa gaba ɗaya.

Babbar 'yata, wadda ke aure a GRA, ita ta zo da maganar. Ta ce an buɗe wani wuri kusa da su inda ake gasa jiki da haske. Kalmar da ta faɗa ke nan, "gasa", kuma daga nan komai ya taso. Ita tana nufin irin gashin da ake yi wa mai targaɗe da ruwan ɗumi. Ni kuwa kunnena ya ɗauko gashin da na fi sani.

"Baba, ba allura, ba yanka," in ji ta. "Kwanciya kawai za ka yi, jajayen fitilu su haska ka daga kai har ƙafa. Na tambayi likitanka, ya ce ba laifi ka gwada. Na riga na kama maka rana, Talata da hantsi."

Tambayoyi sun cika mini baki, amma girma ya hana ni yi. Yaya za a yi uba ya nuna wa 'yar cikinsa yana tsoron fitila? Na ce to, Allah Ya yi miki albarka.

Sai na kwashi tambayoyin na kai su inda bai kamata ba. Ina da amini, mahauci ne, tukubarsa ta tsire da balangu tana bakin layinmu. Tare muka tashi. Mutumin kirki ne ƙwarai, sai dai tunda nake da shi ban taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ya ajiye wuƙa ya saurare ni har na gama, yana gyaɗa kai kamar shi ya ƙera na'urar.

"Jan haske ai garwashi ne, mutumina, ado kawai suka yi masa," ya ce. "Shekara talatin ina aiki da shi. Abu biyu zan gaya maka. Kada ka shiga a bushe, duk naman da ya hau wuta ba mai ƙanƙancewa yake yi. Sannan kada ka yarda su bar ka a gefe guda. Ka ce a riƙa juya ka."

Na ce, "To ni nama ne?"

"Da mene ne kai?"

Yanzu da nake ba da labarin ina mamakin yadda mutum mai furfura ya yarda da wannan karatu, amma a lokacin magana ce mai ma'ana.

Ranar Talata na ɗauki kwalbar man gyaɗa na shiga banɗaki, na shafe jikina kaf, har tsakanin yatsun ƙafa. Maiɗakina ta tambaye ni ko lafiya, na ce umarnin masana ne. Ban karya ba saboda fargaba. Aminina ya ce zai raka ni, ya fito da ƙunshin takarda a hammata. Na tambaye shi mene ne, ya ce balangu ne, in an fito da ni in mayar da abin da ya tsiyaye. Muka hau keke. Ba mu yi nisa ba mai keken ya waiwayo ya tambaya ko ƙuli-ƙuli muka ɗauko.

Wurin tsohon gida ne da aka gyara, ga bishiyoyi, ga shiru. Wani magidanci mai farar riga ya tarbe mu, shi ne mai kula da na'urar. Ya zaunar da ni ya yi ta tambaya: wane magani nake sha, ina da ciwon ido, ko rana tana ɓata mini fata. Da muka gama ya miƙo hannu mu gaisa, sai hannuna ya sulɓe daga nasa kamar tarwaɗa. Ya dubi tafinsa, ya dube ni.

"Alhaji, me ka shafa?"

"Man gyaɗa."

Mutum ne mai tarbiyya, bai yi dariya ba. Ya ce hasken yana son fata a wanke, ko man shafawa ba a so, balle na miya. Ya ba ni sabulu da tawul. Sau uku ina wanka. Da na fito ya yi mini bayani tiryan-tiryan: ba wuta ba ce, ba ta ƙuna, ba ta canza launin fata, ɗan ɗumi kawai zan ji, minti goma sha biyar ne, kuma ga maɓalli a hannun dama in ina son a tsaya. Ya ce kada in sa ran zama ɗaya ya warkar da ni. Duk ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Ni ne na saurara da kunne ɗaya, don na riga na ɗauki karatu a wurin malamina.

Ya shigar da ni wani ɗaki mai ƙofa biyu. A tsakiya ga wani dogon akwati fari mai murfi, kamar firjin masu sayar da ƙanƙara, cikinsa gilashi sama da ƙasa. Na yi salati a zuciyata. Ya ce in tuɓe in bar gajeren wando, ya ba ni wani ɗan baƙin tabarau mai roba, irin na masu walda amma ƙarami. Na kwanta a kan gilashin, sanyinsa ya ratsa ni. Yana sauko da murfin na riƙe hannunsa.

"Wa zai riƙa juya ni?"

"Ba a juyawa, Alhaji. Fitilun suna sama, suna ƙasa."

Shi ya faɗa ne don ya kwantar mini da hankali. Ni abin da na ji shi ne wuta sama, wuta ƙasa. Ko aminina bai taɓa yi wa nama irin wannan rashin imani ba.

Ya kunna ya fita. Duniya ta zama ja, har ta cikin tabarau da rufaffen ido ina ganin jan. Wata 'yar fanka tana gurnani a wajen ƙafata. Na ƙame ina jiran zafi, zafi bai zo ba. Abin da ya zo ɗumi ne mai laushi, irin na wanda ya zauna a hantsi bayan ya sha kunu. Gaskiya da an bar ni a haka da na yi barci. Kafaɗuna suka saki, har na fara cewa ashe yarinyar nan ta san abin da take yi.

Sai na ji ƙamshi.

Da farko kaɗan ne, na ce hancina ne. Can sai ya cika akwatin. Ƙamshin nama ne a kan wuta, da man gyaɗa, da yaji. Nan take lissafi ya zo mini: akwai wuri a tsakiyar bayana inda hannuna bai kai da sabulu ba, tabbas mai ya saura a nan, kuma nan ne ya fara kamawa. Ban tsaya na tambayi kaina ina na samo yaji a jikina ba. Rashin jin zafi ma sai ya zama hujja, na ce ai wurin ya riga ya nuna, shi ya sa ya daina ji. Gumi ya gangaro ta haƙarƙarina, na ce shi ke nan, kitse ya fara tsiyaya. Abin da ya fi ba ni takaici, cikina da bai ga komai ba tun safe sai ya yi ƙugi. Ƙamshin ya yi masa daɗi. Na ce wannan wace irin ƙaddara ce, mutum ya mutu yana kwaɗayin kansa.

Maɓalli yana ƙarƙashin yatsana, na manta da shi. Na buɗe baki na ƙwala ihu, "A juya ni!" Ba wanda ya zo, ko kuma ni ne ban jira ba. Na sa ƙafa biyu na banke murfin, wanda ashe da yatsa ɗaya ma yana ɗaguwa, na diro ƙasa. Tabarau yana idona, ban ganin komai. Na lalubi ƙofa na murɗa na fita a guje, ina marin bayana da hannu biyu don in kashe wutar. Ba ƙofar wurin da kayana suke ba ce. Ta ɗakin jira ce.

Da na fizge tabarau komai ya yi mini kore-kore. Abu na farko da na gani shi ne aminina, ƙunshin balangu a buɗe a kan cinyarsa, bakinsa cike. Na biyu kuwa wani dattijo ne a gefensa, cikin babbar riga da zanna, yana riƙe da yankan nama tsakanin yatsu biyu. Surukina ne, mahaifin mijin 'yata. Tsohon babban ma'aikacin gwamnati, mutumin da ko hula ban taɓa cirewa a gabansa ba, wanda in zan je gidansa sai an goge mini shadda tun jiya. Ga ni tsaye a gabansa da gajeren wando da tumbi.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, barka da hantsi. Ya iyali?"

Shi ma da yake dattijo ne sai ya amsa. Muka yi gaisuwa cikakkiya, ya gida, ya kasuwa, ya masu jiki, naman yana hannunsa. Sannan ya ajiye shi, ya cire babbar rigarsa ya yafa mini.

Mai kula da na'urar ya shigo da sauri ya duba ni ciki da bai, ko ja fatata ba ta yi ba. Da ya ga takardar balangun sai ya gane. Iskar ɗakin jiran tana bi ta ƙarƙashin ƙofa, fankar na'urar kuma ta zuƙo ta ta kawo mini har hanci. Aminina ya haɗiye lomarsa ya ce shi ya ga na daɗe, yunwa ta kama shi, kuma bai kyautu ya ci shi kaɗai ga baƙo a zaune ba. Ya matso ya latsa damtsena da yatsa kamar yadda yake gwada nama, ya girgiza kai.

"Wannan wutar tasu ba ta da ƙarfi," ya ce. "Ko tsinke ɗaya ba za ta gasa ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ina tunanin yadda labarin zai isa gidan 'yata, da yadda za a riƙa kallonta, sai na ji surukin nawa ya sunkuyo ya rage murya.

"Alhaji, tsakani da Allah, akwai zafi a ciki?"

Na ce babu, ranka ya daɗe, ɗumi ne kawai.

Ya yi ajiyar zuciya. Ashe shi ma 'yar tawa ce ta kama masa wuri saboda gwiwa. Wannan zuwansa na uku ke nan. Kullum sai ya zo ya zauna ya karanta jarida, in an kira shi ya ce ya tuna wani uzuri, ya koma gida ya ce an yi masa kuma ya ji sauƙi. Akwatin nan yake tsoro, tun ranar farko da ya leƙa ya gan shi. Ya kasa gaya wa kowa, don mutumin da ya riƙe ma'aikata guda ba zai ce yana tsoron gado ba.

Muka dubi juna, ni cikin rigarsa, shi cikin 'yar ciki, sai dariya ta ƙwace mana tare.

Na koma na ƙarasa mintunana, bayan an kori balangu zuwa ƙarƙashin bishiya. Da na fito surukina ya roƙe ni in zauna a bakin ƙofa in riƙa yi masa hira in ya shiga, don ya san akwai mutum kusa. Na ja kujera na fara ba shi labarin yadda masara ta yi kyau a bana. Ban kai kan gero ba na ji minshari.

Na ci gaba da zuwa na wasu makonni. Ba zan ce na ga abin al'ajabi ba. Taurin da nake tashi da shi da safe ya ragu, amma a lokacin ne kuma na bar wa 'yan dako aikinsu, na kama motsa jikin da likita ya daɗe yana faɗa mini. Wanne ne ya yi aikin a ciki, Allah kaɗai Ya sani. Surukina kuwa tun daga ranar ya zama abokina. Yakan aje motarsa a bakin kasuwa ya tako har rumfata, ya zauna a kan buhu mu yi ta hira. 'Yata har yau tana mamakin abin da ya haɗa mu, don ba wanda ya gaya mata.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne yake jefa mutum cikin abin kunya. Da na yi wa 'yata tambaya ɗaya tak, ko na saurari mai aikin da kunne biyu, da na fita da mutuncina. Shi ya sa yanzu ko jikana ne ya fi ni sanin abu, zama nake yi in ce masa ban gane ba, ya sake faɗa mini. Gara a gan ka kana tambaya da rigarka a jiki.