Albasar Cikin Waya

Ina da shekara arba'in da shida na fara riƙe alƙalami, a ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu a Illela. Har yau ba na karatu da gudu. Kalma ɗaya-ɗaya nake bi, shi ya sa babu shirmen da ke wuce ni a waya.

Autanmu ne ya turo wani bidiyo a zauren dangi na waya. Gemunsa ya fara furfura, hankali dai muna jira. Wani ne a bidiyon, zaune cikin mota da tabarau, yana cewa talaucinmu rashin lissafi ne: ka sayi albasa lokacin cirarta, ka ajiye wata biyar, ka sayar ninki huɗu. A ƙasan bidiyon mutane suka yi ta zuba sharhi. Wani ya ce ya tambayi manhaja ta tabbatar masa. Wani ya ce tsoron tsofaffi ne ya hana mu arziki. Wata ta ce lissafi ta karanta a jami'a, babu kuskure. Na rantse babu wanda ya san albasa a cikinsu sai a gefen tsire.

Abin da Auta ke so, mu sayar da gonar da Baba ya bar mana mu uku a Lafani, ya zuba kuɗin a albasar baɗi. Yayanmu ya riga ya yarda. Shi dama duk wanda ya fi ɗaga murya shi ke da gaskiya. Saura ni. Aka sa ranar Lahadi bayan an tashi kasuwa, a gaban mai gari.

Ban yi musu a waya ba. Ranar Asabar na aika wa Auta ya zo ya taya ni aiki a rudu, rumfar da nake ajiyar albasa shekara da shekaru.

"Yaya, ni da fararen kayana?"

"Tuɓe su, Alhajin gobe. Zo ka ga dukiyarka."

Buhu ashirin na zuba tun rani. Muka zauna tsinta: ruɓaɓɓiya gefe, wadda ta tsiro gefe. Hannunsa ya nutse cikin wata, ruwanta ya gangaro har gwiwar hannu, ya miƙe yana kakarin amai. Na ce ya koma ya zauna, wannan tsinta ta huɗu ce, ukun baya yana can yana latsa waya. Da muka mayar da mai kyau buhuna, goma sha biyu suka cika, na sha uku bai kai rabi ba.

"Ina sauran?"

"Mi kaka tambayata? Tambayi mai tabarau. Iska ta sha ruwan jikinta, damina ta ɗauki nata. Kuma bana an yi sa'a."

"Ai ajiyarki ce ta gargajiya. Akwai ɗakunan zamani masu fanka."

"Da wace wuta? Wagga da ba ta cika maka waya?"

Ya goge hannu da ƙasa. "Ko hakan, ai akwai riba."

"Akwai, ga wanda in ta ruɓe yana da gero a rumbu. Kai gonar geron za ka sayar."

Washegari mai gari ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na ce ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Mai sayen gonar, wani ɗan kasuwa mai shiga Ƙonni a tsallaken iyaka, ya ɗauki takalmansa ya yi mana sallama.

Da yamma Auta ya rubuta a shafinsa cewa akwai masu ƙin ci gaba har a cikin gidansu. Mutanen da ba su taɓa ganina ba suka yi ta ba shi haƙuri, har da mai yi mini addu'ar shiriya. Bai gaishe ni ba sai Babbar Sallah.

Da wata daminar ta zagayo, ruwa ya sauka muka shuka gero a gonar Baba. Da kaka Auta ya zo da amalanke ya kwashe damman rabonsa, ko zangarniya ɗaya bai bari ba.